Kafin 'Yan Gwangwan Su Ɗauke Ta: Yadda Iyali Za Su Tayar da Tsohuwar 504

Duk wanda ya tashi a Kaduna, Zariya ko Kano ya san irin motar nan. Tana ƙofar gida ko a wani lungu, tayoyi sun sace sun nutse a ƙasa, awaki na kwana a ƙarƙashinta, yara sun mayar da ita wurin wasan ɓuya. Galibi Peugeot 504 ce, wadda iyayenmu ke ce wa Fijo. Masu gidan sun kasa sayar da ita saboda ta marigayi ce, sun kuma kasa gyara ta saboda ba su san ta inda za su fara ba. Haka za ta zauna har ranar da 'yan gwangwan za su zo su yanka ta, su auna a kilo, su biya kuɗin da bai kai na waya mai kyau ba.

Tamu ta kakanmu ce, salun ƙirar 1982, kuma ta yi shekara 13 ba a taɓa makullinta ba. Mu huɗu muka yi aikinta cikin wata 14, a ranakun Asabar da lokutan hutun samista: ni, da Baba, da Baffa wanda ya taɓa jan motar haya, da ƙanwata da ke sakandare. Babu bakanike a cikinmu. Ni ɗin ma abin da na riƙe bai wuce lakca da ɗan abin da na gani a watanni huɗun da muka yi na sanin makamar aiki ba. Na rubuta wannan ne domin na san akwai ɗalibai da yawa a nan da ke da irin motar a gida. Abin da na fahimta shi ne, kuɗi da iyawa duk suna zuwa a hankali. Abin da ke kashe irin wannan aiki shi ne rashin sanin me za a fara da shi, me kuma zai jira.

Me ya sa 504? A Faransa aka fito da ita a 1968, kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana jikinta, a 1969 ta zama gwarzuwar motar shekara a Turai, a 1975 kuma ta cinye tseren Safari na Kenya, wanda ya yi suna wajen karya motoci. A wannan shekarar ta 1975 aka buɗe masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna. Da gwamnatin soja ta Obasanjo ta fito da tsarin rage almubazzaranci, 504 ta zama motar manyan ma'aikatan gwamnati, wagon ɗinta kuma ta mamaye tashoshin mota. An daina ƙera salun ɗinta a Faransa a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da harhaɗa ta sama da shekara ashirin bayan haka. Ga ɗan koyo, wannan tarihin yana nufin abu biyu masu amfani: kayan gyaranta suna nan, tsofaffin kanikawan da suka san ta kamar yunwar cikinsu ma suna nan. Sannan babu kwamfuta a jikinta. Kafireta ce, da distirbuta, da kwayil, da fulogi huɗu. Duk abin da malam ya zana mana a allo game da inji mai zagaye huɗu, a 504 za ka gan shi da idonka, ka taɓa shi da hannunka.

Amma aikin farko ba na sufana ba ne, na zama ne a tabarma. Motar marigayi gado ce. Idan ka zuba guminka da kuɗin Baba a motar da mutum bakwai ke da haƙƙi a kai, ranar da ta fara sheƙi ranar rigima za ta tashi. A gidanmu an kira dillalin motoci ya yi mata kuɗi yadda take a kwance, Baba da Baffa suka biya Hajiya da gwaggonninmu rabonsu, aka rubuta, shaidu suka sa hannu. A zaman ne kuma aka yanke me ake so ta zama. Akwai mai son ya mayar da mota yadda ta fito daga kamfani, kowane noti irin na asali. Akwai mai son motar da za ta tashi da safe, ta tsaya idan an taka birki, ta kai Hajiya asibiti da gidan biki. Mu na biyun muka zaɓa, kuma shi nake ba duk ɗan koyo shawara, don na farkon ba shi da ranar gamawa.

Daga nan sai a duba jiki, tun kafin a damu da inji. Mutane na ganin inji ne babban abu, alhali inji ana iya gyarawa, ana ma iya sayen wani a ɗora. Salun 504 ba ta da shasi daban da aka ɗora bodi a kai. Jikin nata shi ne ƙashin bayanta. Idan tsatsa ta cinye wuraren da ke ɗaukar nauyi, to kwanon ruwa ne kawai mai tayoyi. A wanke ta, a cire kafet, a ɗauki tocila da sukudireba. Wuraren dubawa su ne daɓen ƙasa inda ake sa ƙafa, da dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi kamar dokin ƙofa, da ƙasan but, da mazaunin batir inda ruwan batir ke zuba, da kewayen gilashin gaba, da kan shokozoba na gaba idan an ɗaga bonet. Ka danna sukudireba da ƙarfi. Idan ta yi ƙara ta tsaya, tsatsar sama ce, samfefa za ta yi maganinta. Idan ta shige kamar biskit, sai walda. Ka kuma cire mayen ƙarfe daga tsohuwar sifika ka bi jikin motar da shi: inda ya ƙi kamawa, bodi-fila ce aka lafta don rufe tsohon hatsari. Mu 'yan Arewa mun yi sa'a, iskarmu busasshiya ce, motocinmu ba sa ruɓewa kamar na bakin teku. Sai dai motar da aka ajiye a gindin bishiya, ganye ya toshe magudanan ruwanta, ita ma damina goma ta ishe ta. Tamu daɓen gefen direba ne ya huje, sai mazaunin batir. Da kan shokozoba ne ya ruɓe, gaskiya da mun haƙura.

Ga dokar da Baffa ya kafa tun ranar farko, kuma ita ce ta fi komai muhimmanci a wannan rubutu: ba a warware mota gaba ɗaya. Kwance abu yana da daɗi, yana da sauri, a yini biyu za ka iya mayar da 504 tarin ƙarfe. Mayarwa ce ke cin shekara. A unguwarmu akwai wata Beetle da aka yi wa haka tun ina firamare. Ƙofofinta suna kan rufin kaji, injin yana cikin buhu, rabin notunan yara sun yi wasan langa da su sun ɓace. Mu abu ɗaya muke kamawa, mu gama, mu mayar, sannan mu taɓa na gaba. Kafin a kwance komai a ɗauki hoto da waya ta ɓangare uku. Duk notin da ya fita ya shiga leda, a rubuta sunan wurinsa a takarda a jefa ciki. Wannan aikin ƙanwata ce ta riƙe shi, tare da littafin kuɗi, kuma ba ta da sassauci ko ga Baba.

To, sai inji. Kuskuren da aka fi yi wa motar da ta daɗe a kwance shi ne a aro batir, a zuba fetur a kafireta, a murɗa makulli a ga ko za ta tashi. Kar ka yarda a yi haka, ko da wa ya kawo shawarar. Bayan shekaru, duk man da ke jikin silinda da kiranshaf ya tsiyaye ya koma ƙasa, ƙarfe ne zai goga ƙarfe a bushe, rin ɗin fistin kuma wataƙila sun manne. Abin yi shi ne a cire fulogi huɗun, a ɗiga man dizal haɗe da ɗan baƙin mai a kowane rami, a bar shi kwana uku zuwa mako. Sannan a sa soket a notin fulin kiranshaf a gwada juyawa da hannu, a hankali. Idan ya juya zagaye biyu ba tare da ya cije ba, ka yi murna, rabin damuwarka ta tafi. Idan ya ƙi, a ƙara mai a ƙara haƙuri. Dogon bututu da ƙarfin tuwo rin kawai za su karya.

Da ya juya, a zubar da tsohon baƙin mai, a duba shi da kyau. Idan ya yi kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga, akwai magana. A sa sabon mai da sabuwar filta, a juya injin da kik alhali fulogi suna waje, har jan fitilar mai ta dashbod ta mutu. Wannan ne ke nuna mai ya zagaya ko'ina. Fetur ɗin da ke tanki kuwa ya riga ya zama wani abu mai ɗanko da warin fenti, don haka a sauke tankin a wanke, a sauya duk tiyon roba na mai, a kwance kafireta a wanke ƙananan ramukanta da iska da man wanke kafireta. Ba a tsokana su da allura ko waya, domin da ramin ya ƙara faɗi ko da kaɗan ne, motar za ta riƙa shan mai har ƙarshen rayuwarta. Ratar kontak a distirbuta milimita 0.4 ce, ta fulogi 0.6. Jerin tashin wuta 1-3-4-2 ne, amma a lura, Faransawa daga baya suke ƙirga silinda: lamba ɗaya ita ce ta kusa da giyabos, ba ta kusa da lagireto ba. Wannan ɗan bayanin kaɗai ya isa ya hana mutum kwana yana zargin kwayil.

Idan da hali a ari ma'aunin matsi a gwada kowace silinda. Ba yawan lambar ne abin dubawa ba kamar daidaitonsu. Kada wata ta bambanta da sauran da fiye da kashi goma cikin ɗari. Idan ɗaya ta yi ƙasa, ɗiga mata baƙin mai ka sake gwadawa. In lambar ta hau, rin ne suka gaji. In ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket. Wannan gwajin mun yi shi a takarda a ajin farko, amma sai da na ga allurar ta motsa a tsakar gidanmu na gane abin da ake nufi.

Akwai wani tarko a injin 504 da ya kamata a daɗe a kansa. Injin nata mai cc 1971, wanda aka kwantar da shi gefe guda a cikin bonet, silindojinsa ba a jikin bulok aka huda su ba. Silif ne guda huɗu da ake zurawa, ruwa na zagaye su kai tsaye, kowanne yana zaune a kan siririn abin toshewa a gindinsa, tof silinda ne kuma ke danne su daga sama. Amfanin wannan shi ne, idan inji ya tsufa ba sai an kai bulok an rarake ba, sabon silif da fistin kawai za a saya. Illarsa kuma, da zarar an cire tof, babu abin da ke riƙe su. Idan wani ya juya kiranshaf a wannan hali, fistin zai ɗago silif, abin toshewar ya saki, bayan an haɗa komai ruwa ya riƙa gangarawa cikin baƙin mai. Shi ya sa tsofaffin kanikawan Fijo ba sa ɗaga tof kai tsaye; suna karkaɗa shi gefe har ya rabu da gasket, sannan nan take su danne silif ɗin da manyan wasa da noti. Wajen mayarwa kuma akwai jerin da ake bi a ɗaure notunan, da sufana mai auna ƙarfin ɗauri. Ra'ayina, ɗan koyo kada ya buɗe tof in ba dole ba, in kuma dole ce, a ɗauko tsohon bakanike a biya shi ya zo gida ya yi a gabanku. Mu haka muka yi. Wani dattijo ne da ya yi shekaru yana gyaran motocin tasha, ya zo da yaronsa, ya ce da ni, "Ɗan boko, riƙe min tocila ka buɗe idonka." Abin da na koya a yinin nan ya fi kuɗin da aka ba shi nesa ba kusa ba.

Ranar da inji ya tashi, kowa zai so a zaga unguwa. A'a. Motar da ta tashi ba ta da birki ta fi wadda ke kwance haɗari. Man birki yana jan danshi daga iska, shekaru kuma suna sa ya cinye cikin masta da sauran silindojin birki, robobin su bushe su tsage. Birkin zai iya kamawa sau biyar a tsakar gida, na shida a bakin titi feda ta tafi ƙasa. Nan ba wurin tsimi ba ne: sababbin robobi ko sabuwar masta, sababbin tiyo na roba, sabon mai, a buga a fitar da iska ƙafa bayan ƙafa, ana farawa da wadda ta fi nisa da masta. Aikin mutum biyu ne, ɗaya na taka feda ɗaya na kwance noti, kuma a nan ne Baba ya fi amfani, don ya iya bin umarni idan ya ga dama. Taya ma haka. Ko zanenta bai goge ba, roba na mutuwa. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Idan lambobi uku ka gani, tayar ta girme ni.

Maganar ruwa gajeriya ce. A wanke lagireto, a sauya tiyo da fambel, a duba famfon ruwa. Tof ɗin 504 na alminiyom ne, ruwan rijiya zalla yana cin sa, don haka a sa ruwan sanyaya inji na gaske. Kuma na san za a ce maka a cire tamostat a yar wai don ƙasarmu da zafi. Ban yarda da wannan ba. Injin da ke zafi, lagireto ne ya toshe ko fanka ba ta aiki. Cire tamostat ɓoye cutar ne, sannan da sanyin hunturu injin zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya sha mai, ya ci kansa. Wayoyi kuwa, ɓera ne babban abokin gaba. Kafin a kira rewaya, a goge duk inda wayar at ke haɗuwa da jikin mota, a sauya fiyus. Fitilu da yawa da ake zaton sun mutu datti ne kawai ya hana su. Duk inda aka taɓa naɗa waya a madadin fiyus, a cire, don haka motoci ke kamawa da wuta.

Kayan gyara ana samu a Fanteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano. Ka tafi da tsohon abin a hannunka, domin 504 iri-iri ce, birkin baya da ƙafar baya na wata salun ba ɗaya suke da na wagon ko a-kori-kura ba. Abin ƙarfe kamar ƙofa, bamba, fitila ko giyabos, tsohon na asali da aka ciro daga wata motar ya fi sabon kwaikwayo. Abin roba da na birki kuwa sabo kawai. Kada kuma a zubar da tsohon abu sai sabon ya zauna ya yi aiki.

Tunda a gida ake aikin, ga yara ga tsofaffi, dole in faɗi wannan da babbar murya. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma bulon siminti ba madogara ba ne, yana fashewa ba sallama. A sa mai walda ya haɗa ƙafafun ƙarfe masu kauri, ko a samo guntayen katako masu nauyi, a kuma tare tayoyi da dutse. A cire kan batir kafin a taɓa waya. Ƙurar tsohon birki da kuloci tana iya ƙunsar asbestos mai lalata huhu, saboda haka ba a hure ta da baki, da jiƙaƙƙen tsumma ake gogewa. Ba a tayar da inji a rufaffen gareji. Ba a kawo wutar walda kusa da tanki, ko da an ce babu mai a ciki, don tururin ne ke fashewa.

Fenti shi ne na ƙarshe, duk da shi kowa ke tambaya. Maƙwabta za su yi ta cewa, "Har yanzu ba ku fesa ta ba?" Ka ƙyale su. Fentin da aka yi kafin a gama aikin inji da walda, sufana da man birki za su lalata shi, kuma kuɗin da ya ci shi ne kuɗin birkin da ba a saya ba. Walda da fesawa mun ba masu sana'ar, amma gugar samfefa mu muka yi, kuma ita ce mafi yawan aikin. A kankare tsatsa har farin ƙarfe ya fito, a shafa firaima a ranar, bodi-fila kuma siririya, don gyara ƙananan lotsawa kawai, ba don toshe rami ba. A littafin ƙanwata, bodi da fenti sun ci kusan rabin duk abin da aka kashe, birki da tayoyi suka biyo baya, injin da muka fi jin tsoro shi ne na uku. An mayar da ita fara kamar yadda take, Hajiya ce ta zaɓi yadin kujeru, don ita kaɗai ta tuna kalarsu ta asali.

Saura takardu. A nemo tsofaffin takardun motar tun da wuri, a gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke rubuce, a haɗa da takardar rabon gado don sauya sunan mai ita. Tsohuwar lamba ba za ta yi ba, sai an yi sabuwa, ga takardar lafiyar mota ta VIO, ga inshora. Sannan a shirya wa gidan mai: tun da aka cire tallafi a 2023, 504 ba motar zuwa lakca kullum ba ce. Tamu a cikin gari tana shan wajen lita 12 a kilomita 100. Makonnin farko a riƙa gajerun tafiye-tafiye, ana dawowa a shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta a ga me ke ɗiga, a sake bin notunan taya da na ƙafa. Bayan kamar kilomita 1,000 a juye baƙin mai, a sake ɗaure tof idan an buɗe shi, a daidaita bawul da sanyin inji: milimita 0.10 na shiga, 0.25 na fita. Baffa yana so ta je Zariya ta dawo sau biyu lafiya kafin a yi maganar Kano.